Ƙiba ko Kumburi: Tarihin Allurar Gina Tsoka

Idan Babbar Sallah ta ƙarato, karar Illela kan cika ta batse. Masu turka daga Lafani da sauran garuruwan bakin iyaka sukan fito da ragunan da suka yi watanni suna ɗaure da su, fatake kuma su koro nasu daga Konni da can cikin ƙasar Adar. Ga Balami fari fat, ga Uda mai rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari, kowane an wanke shi an gyara. Amma mai sayen da ya san abin da yake yi ba ya yarda da ido. Sai ya kai hannu ya matsa gadon baya, ya laluba ƙirji, ya kama gindin wutsiya, wani ma har ya ɗaga dabbar ya ji nauyi. So yake ya rarrabe naman da harawa da dusa da kowar wake suka gina a hankali, da cikin da aka cika da kanwa da ruwa daren jiya.

Wannan rarrabewa ta tsakanin ƙiba da kumburi, da ta tsakanin girma da ƙarfi, ita ce ta shafe kusan shekara 30 tana wahalar da wani reshe na kimiyyar likitanci: yunƙurin gina tsokar ɗan Adam ta hanyar taɓa ƙwayoyin gadonsa. Akwai kamfanin da ya riƙa karɓar dala 25,000 a kan allura ɗaya da ya ce tana ƙara tsoka, tana kuma rage saurin tsufa. Kafin a yanke wa wannan iƙirari hukunci, ya kamata a san asalinsa, kuma asalin nasa a wajen shanu yake.

Tun a 1807 wani manomi ɗan Ingila, George Culley, ya bayyana a rubuce wasu shanu da akan haifa da tsoka ninki, cinyoyinsu da kafaɗunsu curi-curi kamar an sassaƙa. Makiyayan wancan zamani ba su yi marhabin da su ba, domin haihuwarsu wuya gare ta. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kasuwar Turai ta koma son nama marar kitse, manoman Beljiyam suka shiga zaɓen irin waɗannan dabbobi suna haɗa su da gangan, har suka fitar da shuɗiyar saniyar Beljiyam, wadda tsokarta ta fi ta sauran shanu da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Sun san yadda za su samar da ita, ba su san dalilin da ya sa take haka ba.

Dalilin ya bayyana a 1997 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Se-Jin Lee da ɗalibarsa Alexandra McPherron suna binciken wani dangi na sinadaran furotin masu sarrafa girman jiki, sai suka gano wani sabo. Don su san aikinsa, suka kashe ƙwayar gadon da ke samar da shi a jikin ɓeraye. Ɓerayen suka tashi da tsokar da ta ninka ta 'yan uwansu sau biyu zuwa uku. Suka sa wa sinadarin suna mayostatin. Aikinsa kamar na dabaibayi ne: tsoka ce da kanta take ƙera shi, ta sake shi cikin jini, shi kuma ya dawo ya hana ta wuce iyaka. Kafin shekarar ta ƙare, masana a Jami'ar Liège ta Beljiyam ƙarƙashin Michel Georges, da shi kansa Lee, suka tabbatar cewa abin da ya sami shanun Beljiyam ke nan. Haruffa 11 ne kacal suka ɓace daga rubutun ƙwayar gadon, dabaibayin ya tsinke.

Daga nan sai shaidu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. A 2004 wani likitan yara a Balin, Markus Schuelke, ya wallafa labarin wani yaro da aka haifa ba tare da mayostatin mai aiki ba. Tun yana jinjiri ana ganin shacin tsoka a cinyoyinsa, kuma yana ɗan shekara huɗu da rabi yana iya riƙe ƙarfe mai nauyin kilo 3 a kowane hannu, hannayen a miƙe. Mahaifiyarsa, wadda ke ɗauke da rabin canjin, tsohuwar 'yar tsere ce. A 2006 aka gano wani canji mai kama da wannan a tumakin Texel na Turai. A 2007 kuma aka gano shi a wani irin karnukan tsere na Ingila, kuma a nan ne aka soma ganin cewa lamarin ba miƙaƙƙe ba ne. Karen da ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya yakan fi sauran gudu. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba duka yakan zama jibgege mai fama da ɗaurewar tsoka, ba a ma cika ganinsa a filin tsere ba.

Tambayar da ta kamata a yi tun farko, wadda duk makiyayi zai yi, ita ce: idan tsoka mai yawa alheri ce zalla, me ya sa kusan kowace dabba mai ƙashin baya take ɗauke da dabaibayinta? Saniyar Beljiyam ta isa amsa. Mafi yawan 'ya'yanta da tiyata ake ciro su, domin ɗan maraƙin ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Zuciyarta da huhunta ƙanana ne idan aka auna da jikin da suke ɗauke da shi, ba ta jure zafi, tana saurin gajiya. A ce a sa ta cikin garken Gudalin Sakkwato ko Azawak, a kora ta daga mashaya zuwa makiyaya a tsakiyar bazara, ba sai an jira ƙarshen mako ba kafin a kira mahauci. Tsoka tana cin abinci ko ana aiki da ita ko ba a yi, kuma a ƙasar da rani ke yin wata takwas, jikin da ya san inda zai tsaya shi ke ganin damina.

Su ma ɓerayen Lee, da aka auna su da kyau, sai labarin ya canza. A 2007 Helge Amthor da abokan aikinsa suka ciro tsokar irin waɗannan ɓeraye suka gwada ƙarfin janta. Ta fi girma ƙwarai, amma ƙarfin bai ƙaru daidai da girman ba; in aka raba ƙarfi da kauri, ta ɓeran gida ta fi ta. Shekara guda bayan haka wani bincike a Jami'ar Michigan ya nuna cewa jijiyoyin da ke ɗaure tsokar da ƙashi sun zama ƙanana masu gautsi. Hoton jibgegen ɓeran nan ya zaga duniya, wannan sakamako kuwa a mujallun masana ya tsaya.

Kafin nan 'yan wasa sun riga sun ji ƙamshi. A 1998 Lee Sweeney na Jami'ar Pennsylvania ya yi amfani da wata ƙwayar bairos marar cutarwa ya shigar da ƙwayar gadon wani sinadarin girma, IGF-1, cikin ƙafar ɓeraye. Matasan ɓerayen suka ƙara tsoka da kashi 15 cikin ɗari, tsofaffin kuma ƙarfinsu ya fi na tsararrakinsu da kashi 27. Tsofaffi da marasa lafiya Sweeney yake nufi da aikinsa, amma masu ɗaga ƙarfe da masu horar da 'yan wasa ne suka dame shi da waya, har da wani kocin makarantar sakandare da ya nemi a yi wa ƙungiyarsa gaba ɗaya. A 2003 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta wannan hanya tun kafin wani ya iya bin ta.

Waɗanda abin ya fi shafa ba 'yan wasa ba ne. Akwai cutar da ake kira Duchenne, wadda ke kama kimanin yaro namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 a kowace al'umma. Yaro kan tashi lafiya, sai a ga yana yawan faɗuwa, yana dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe. Wajen shekara 12 ya daina tafiya, daga baya cutar ta kai ga numfashi da zuciya. Abin lura, sha-raɓar irin waɗannan yara kan yi kauri kamar ta ɗan dambe, alhali kitse da tabo ne suka maye gurbin naman. Iyayen waɗannan yara ne suka ɗora begensu a kan mayostatin, kuma dominsu ne manyan kamfanonin magani suka zuba kuɗi.

Kamfanonin ba su fara da taɓa ƙwayoyin gado ba. Sun haɗa sinadarai ne da za su kama mayostatin a cikin jini su hana shi aiki, hanyar da ta fi sauƙi kuma ana iya dakatar da ita. Wyeth ya gwada nasa a kan manya 116 masu cututtukan tsoka, ya wallafa a 2008 cewa ƙarfinsu bai ƙaru ba. Acceleron ya dakatar da gwajin nasa a kan yara a 2011, bayan wasu sun soma haɓo da zubar jini daga dasashi. Novartis ya gaza a 2016 a kan wata cutar tsokar tsofaffi, Pfizer ya janye a 2018, Roche a 2019. A wasu gwaje-gwajen na'ura ta nuna tsoka ta ɗan ƙaru, amma da aka ce yaro ya hau matakala huɗu ana duba agogo, babu bambanci tsakaninsa da wanda aka yi wa allurar wofi. Daga baya masana suka gano wani ɓangare na dalilin: mayostatin da ke jinin mutum bai kai na ɓera yawa ba, tsokar da cuta ta ci kuma ta riga ta rage ƙera shi da kanta. Dabaibayin da aka kashe miliyoyin daloli don a kwance, jiki ya riga ya sassauta shi.

Hanya ta biyu ita ce ainihin gyaran ƙwayoyin gado. Jiki yana da wani furotin, folistatin, wanda ke kama mayostatin da wasu 'yan uwansa ya danne su. An gano shi ne a 1987 a ruwan ƙwan mace, kuma sunansa ma daga aikinsa na danne wani sinadarin haihuwa ya samo asali; wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikinsa bai tsaya a tsoka ba. A 2007 Lee ya nuna cewa ɓeran da aka cire wa mayostatin aka kuma ƙara masa folistatin tsokarsa kan ninka sau huɗu. Dabarar ita ce a ɗauki ƙwayar bairos, a kwashe abin da ke cikinta, a ɗura mata umarnin ƙera folistatin, a yi allurarta cikin tsoka, tsokar ta zama masana'anta. A 2009 masana a asibitin yara na Nationwide da ke Ohio suka yi wa birai wannan allura a cinya, cinyar ta ƙara kauri da ƙarfi. A 2015 Jerry Mendell na wannan asibiti ya wallafa sakamakon gwaji a kan mutum shida masu cutar Becker, ƙanwar Duchenne mai sauƙi. Huɗu sun ƙara nisan da suke iya tafiya cikin minti shida, biyu ba su ƙara ba.

Mutum shida, babu rukunin da aka yi wa allurar wofi don kwatance, kuma gwajin tafiya abu ne da zumuɗi da ƙwarin gwiwa kan taɓa. Aiki ne na gaskiya, masu shi ba su ce sun gama ba. Matakin farko ne na duba ko abin yana cutarwa. Amma kusan duk wani iƙirari da aka yi daga baya game da gina tsokar mai lafiya, a kan waɗannan birai da wannan mutum shida ya jingina.

Daga nan labarin ya bar ɗakunan bincike ya koma neman inda doka ba ta kai ba. A watan Satumba na 2015 Elizabeth Parrish, shugabar wani ƙaramin kamfani mai suna BioViva, ta tashi daga Amurka zuwa Kolombiya aka yi mata allurai iri biyu, ɗaya ta folistatin. Daga baya kamfanin ya fitar da hotunan cinyarta ya ce tsoka ta ƙaru. Mutum ɗaya ce, ita ce mai kamfanin, ita ce abin gwajin, ita ce mai ba da labari. George Martin, wani dattijon masani na Jami'ar Washington da ke cikin masu ba kamfanin shawara, ya ajiye muƙaminsa da ya ji abin da aka yi. A Oktoban 2017, a wani taro a San Francisco, wani tsohon ma'aikacin NASA wanda a lokacin aka sani da Josiah Zayner ya tsira wa hannunsa allurar da ya ce za ta yanke ƙwayar gadon mayostatin, ana kallo kai tsaye a intanet. Hannun bai canza ba. Wata guda bayan haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa sayar da irin waɗannan kaya na yi-da-kanka ya saɓa doka.

Na baya-bayan nan shi ne Minicircle, wanda ya kafa shagonsa a Próspera, wani yanki mai dokokin kansa a tsibirin Roatán na ƙasar Honduras. Shi ba ya amfani da bairos; wani ɗan zoben DNA yake tsirawa cikin kitsen jiki, ya ce ƙwayoyin wurin za su riƙa ƙera folistatin har tsawon shekara ko fiye. Attajirin nan Bryan Johnson, wanda ya mai da yaƙi da tsufa sana'a, ya je an yi masa a 2023, bidiyonsa kuma ya yi wa kamfanin tallan da kuɗi ba su saya. Hujjar da kamfanin ya fito da ita rahoto ne da ya rubuta da kansa, a kan mutane 'yan gommai, babu rukunin kwatance. Masu sukar abin sun nuna cewa DNA tsirara ba ya shiga ƙwayoyin jiki da yawa, shi ya sa ma masana suka sha wahalar horar da bairos. Sun nuna kuma cewa wanda ya biya kuɗin jirgi ya tafi tsibiri don ya gina jiki, da wuya ya dawo bai ƙara motsa jiki da gyara cimarsa ba. Akwai kuma matsalar ma'auni: abin da na'ura ke kira nauyin da ba kitse ba ya haɗa har da ruwan jiki. Ko dillalin kara ya san abin da wannan ke nufi.

A nan tsohon maganin ƙarfi na gargajiya yana da wata fa'ida guda a kan allurar tsibiri. Tun da aka fara gasar takobin kokawa ta Nijar a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, 'yan kokawa ke shiga fili da guraye da layu da wanke-wanke, haka ma 'yan damben da Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Ko mutum ya yarda da waɗannan abubuwa ko bai yarda ba, gobe za a buga ganga, abokin karawa yana nan, dubban idanu suna kallo, kuma 'yan kallo sun sha ganin siriri ya kai ƙato ƙasa. Cinikin Roatán kuwa cinikin biri a sama ne: mai saye ya biya, mai sayarwa ya auna, mai sayarwa ya faɗi sakamako.

Neman wurin da ido bai kai ba don a gwada magani ba baƙon abu ba ne ga mutanen Arewa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada Trovan a kan yara a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara kimanin 200. 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Bambancin shi ne a Roatán masu kuɗi ne ke kai kansu. Sai dai abin da attajiri ya saya da dala yau, kwaikwayonsa kan iso kasuwar talaka cikin kwalba marar suna. A shagunan intanet ana sayar da garin da aka rubuta wa folistatin ga masu ɗaga ƙarfe, babu mai tabbatar da abin da ke ciki. Ƙasar Sakkwato da maƙwabtanta kuma sun riga sun san nasu nau'in: ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha don su yi jiki, wasunsu ma na turkar dabbobi ne. Da yawansu dezametason ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi. Wanda ya daɗe yana shan sa fuskarsa kan cika, ciki ya fito, jiki ya riƙe ruwa, sukari da hawan jini su biyo baya, naman cinya da na damtse kuwa ya riƙa zagwanyewa. A ido an yi ƙiba, tsokar kuwa raguwa take yi. Iyakar Illela an rufe ta a 2019, an sake rufe ta a 2023, amma kayan da ke shiga aljihu ba su cika jiran a ɗaga shinge ba.

Ko a hannun ƙwararru, gyaran ƙwayoyin gado bai taɓa zama abin wasa ba. A watan Satumba na 1999 Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, ya rasu kwana huɗu bayan an yi masa irin wannan allura a Jami'ar Pennsylvania. Garkuwar jikinsa ce ta yi wa bairos ɗin bore. Fagen ya yi shekaru kafin ya farfaɗo. A Yunin 2023 FDA ta amince da Elevidys, maganin gyaran ƙwayoyin gado na farko ga masu Duchenne, wanda shi ma daga asibitin Mendell ya samo asali. Shi ba tsoka yake ƙarawa ba, gajeren kwafin furotin ɗin da yaran suka rasa yake ba su. Kuɗinsa dala miliyan 3.2. Watanni kaɗan bayan amincewar, babban gwajinsa ya gaza cim ma babban ma'aunin da aka gindaya masa, duk da haka wani babban jami'in hukumar, Peter Marks, ya faɗaɗa izinin a 2024 bisa saɓanin ra'ayin masu bitar hukumar. A 2025 samari biyu da aka yi wa allurar suka rasu sakamakon gazawar hanta. Wannan magani ne da ya bi ta kowace ƙofa, aka sa masa ido, aka ƙirga waɗanda ya taimaka da waɗanda ya cutar, ga yaran da in ba shi ba babu abin da ke jiransu sai keken guragu. Mai lafiyar da ke son damtsensa ya cika riga ba shi da irin wannan uzuri.

Shi kuwa mayostatin bai mutu ba, ya dai rage buri. A 2023 Eli Lilly ya sayi kamfanin da ke riƙe da tsohon maganin nan na Novartis, a cinikin da ka iya kai wa kusan dala biliyan 2, don a haɗa shi da sababbin allurai na rage ƙiba, waɗanda ke zubar da tsoka tare da kitse. A Oktoban 2024 kuma wani kamfani mai suna Scholar Rock ya sanar da cewa maganinsa mai danne mayostatin ya yi nasara a babban gwaji a kan yara masu wata cutar shanyewar tsoka da ke tasowa daga laka, tare da rukunin kwatance da duk sharuɗɗan da aka saba. Magani ne da ake ƙara wa yaro ta jijiya duk bayan mako huɗu, ba gyaran ƙwayar gado ba. Shekara 27 bayan ɓerayen Lee, ratar da aka samu tsakanin yaran da aka ba da waɗanda ba a ba ba ita ce maki 1.8 a kan ma'aunin motsi mai maki 66.